Miyar gyaɗa da kaza ga mai hawan jini: ya zan yi?

Maman Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Mahaifin maigidana yana zaune tare da mu a Zariya, likita kuma ya ce a rage masa gishiri da maiƙo saboda hawan jini. Shi kuwa Baba ba abin da yake so kamar tuwon shinkafa da miyar gyaɗa da kaza. A gidanmu sai an soya kaza, an soya kayan miya da man gyaɗa, sannan a zuba gyaɗar, mai ya taso ya yi jawur. Ba na son in raba tsoho da abincinsa, ba na kuma son in cutar da shi. Ya zan yi ta ta yi daɗi ba wannan maiƙon?

Hajiya Babba:
Wa alaikumus salam 'yata. Allah Ya ba Baba lafiya, ke kuma Ya yi miki albarka. Ai miyar gyaɗa ba ta buƙatar ƙarin mai, kusan rabin ƙwayar gyaɗa mai ne. Ki nemi kazar Hausa, ki cire fata da kitsen ciki, ki tafasa ta da albasa, citta, tafarnuwa, masoro da ɗan kanumfari. Tana daɗewa kafin ta yi laushi, amma romonta shi ne miyar. Cikin romon za ki juye markaɗen tattasai, tumatir da attarugu, ki bari tsamin tumatir ya fita.

Gyaɗar ki soya ta a busasshen kasko, ki murje ɓawo, ki niƙa. Gwangwanin madara ɗaya ya ishi kaza guda. Ki fara dama ta da romo mai ɗumi kafin ki zuba, in ba haka ba gudaji za ta yi. Ki rage wuta kina juyawa, don saurin kamu gare ta. In mai ya taso ki kwashe shi da ludayi. Alayyahu sai dab da saukewa, kada ya dahu ya yi baƙi.

Anti Nas:
Ƙarin da zan yi a kan na Hajiya shi ne gishiri, wanda ya fi damuna fiye da maiƙon ga mai hawan jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya kai giram 5 a rana, kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya, a duk abincin yini, ba miya kaɗai ba. Dunƙule ma cike yake da gishiri, kanwa kuma akwai sinadarin sodiyam a cikinta, don haka kada ki jefa ta don kaza ta yi laushi. Ki daka daddawa mai kyau, ki ƙara 'yar yakuwa. Ɗan tsaminta yana rufe ƙarancin gishiri. Don Allah ki tsince gyaɗar da kanki, ki zubar da duk mai fumfuna ko wadda ta yamushe. Irinta kan ɗauki gubar afulatoksin mai illa ga hanta, dafuwa kuma ba ta kawar da ita. Kuma kada Baba ya bar shan maganinsa don an gyara miya.

'Yar Maraɗi:
Yaya, mu nan tunkuza muke sa wa tsohuwarmu, wato gyaɗar da aka matse mai kafin a soya ƙuli-ƙuli. Ki saya wurin mai ƙulin da kika yarda da tsaftarta, ki ce ta ɗibar miki kafin ta sa gishiri. Ki dafa kabewa ki dame a ciki, miyar ta yi kauri da ɗan zaƙi.

Maman Biyu:
Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Akwai mai ƙuli a bayan layinmu, gobe in sha Allahu zan aika a karɓo tunkuzar. Hajiya, daddawar tare da kaza zan sa ko sai bayan gyaɗa?

Hajiya Babba:
Tare da kaza tun farko, 'yata, don ƙamshinta ya ratsa naman.