Wai har yanzu akwai masu jin Muryar Sahel?

Ɗan Bagalam:
Salamu alaikum jama'a. A jikin takardar kuɗin wuta akwai ɗan kuɗin da ake ƙarawa na rediyo da talabijin ɗin gwamnati, ka kunna ko ba ka kunna ba sai ka biya. To mu dai a fadarmu kowa kanshi na cikin salula, in ma an kunna rediyo sai tashoshi masu zaman kansu, Anfani ko Sarauniya. Su wa ke sauraren ta gwamnatin ne?

Kawu Na-Tibiri:
Wa alaikumus salam ɗana. Ku kun tarar da abu a yalwace shi ya sa. Gidan nan tun 1958 yake magana, ba a ma samu ƴancin kai ba, Radio Niger ake ce mai, sai 1974 zamanin Kunce ya koma Voix du Sahel, wato Muryar Sahel. Mu da munka tashi ita kaɗai ce ta gida, in ka gaji ka murɗa ka kamo Kaduna ko BBC, hannu ɗaya a eriya kana karkata akwati, batir in ya yi sanyi a shanya shi a rana. Masu zaman kansu ai sai bayan taron ƙasa na 1991 sunka fito.

Ƴar Zariya:
Kawu Allah ya ƙara girma, amma tarihi ba ya riƙe mai sauraro fa. Gidan gwamnati ko a wace ƙasa labarin farko minista ya buɗe taro, na biyu gwamna ya kai ziyara, alhali mutane so suke su bugo waya su faɗi tsadar masara da kansu. Sanarwar biki da rasuwa da cigiya ma FM ɗin cikin gari ake kai wa, kuɗin talla ya rabu kenan.

Malamin Dakoro:
Ɗan'uwa ka fito bayan gari ka gani. Inda nake koyarwa rezo sai ka hau tudu, amma tsoho na gona rediyo na rataye a reshe, nan yake jin labarin damina da ranar rigakafin dabbobi. Kuma wace tashar kasuwa za ta zauna tana labarai da Fulatanci da Buzanci da Barbarci ba mai biyanta? Garin namu babu wutar ma balle takarda, ku ƴan birni ku ke biya mana, mun gode 😂

Ɗan Bagalam:
Haba Malam, ashe ni ke ɗauke da ku! To a taimaka a ba matasa fili ko na awa guda, a riƙa sa shirin a WhatsApp.