Garkuwar jikin karena na cinye jininsa: wa ya san allurar ƙwayoyin asali?

Makiyayi, Garwa: Salamu alaikum 'yan'uwa. Karen da ke gadin garkenmu ya kwanta, dasashinsa ya yi fari fat, fitsarinsa ja kamar shayi. Likitan dabbobi ya ce garkuwar jikinsa ce ta juya tana farfasa jajayen ƙwayoyin jininsa. Ɗana da ke karatu a Faransa ya ba ni labarin allurar ƙwayoyin asali (stem cells), wato ƙwayoyin jiki masu iya rikiɗa zuwa wasu nau'o'in ƙwayoyi, da ake samu daga kitse ko ɓargo. Wa ya taɓa gwadawa?

Mafarauci, Marwa: Allah ya ba shi lafiya, Malam. An duba cutar kaska kuwa? Karyata haka ta yi da damina, har idonta ya yi shawara. Da aka duba jininta aka ga ƙwayar cutar da kaska ke sakawa, aka ba ta doxycycline, ta tashi. Cutar kaska kan tunzura garkuwar jiki, idan ba a kashe ta ba aikin banza ake yi. Kuma don Allah kada ka ɗirka masa Berenil na shanu da ka, yana taɓa ƙwaƙwalwar kare idan ya yi yawa.

Hajiya, Njamena: Namu dai ba kaska ba ce. Prednisolone, maganin da ke danne garkuwar jiki, aka ɗora shi a kai, aka ƙara masa jini daga wani lafiyayyen kare. Ya riƙa shan ruwa da fitsari ba ƙaƙƙautawa, har na tsorata, ashe aikin maganin ne. Wata da watanni ana rage shi kaɗan-kaɗan. Maƙwabcinmu da ya tsayar da nasa lokaci ɗaya don ya ga sauƙi, ciwon ya dawo ya kashe karen.

Ɗalibin likitancin dabbobi, Ngaundare: Baba, ƙwayoyin da ɗanka ya faɗa ba sabon jini suke zama ba, ana fatan su lallashi garkuwar jiki ne ta daina faɗa. Har yanzu gwaji ake, akasari a karnukan da magani ya gaza a kansu. Ƙa'idar da ƙwararrun likitocin dabbobi na Amurka suka fitar a 2019 kan prednisolone ta dogara, da ƙarin jini, da maganin hana gudan jini irin clopidogrel, domin gudan jini a huhu na cikin abin da ya fi kashe su. A awon jinin kare lafiyayye, jajayen ƙwayoyin jini kan kai kashi 37 zuwa 55 cikin ɗari. Nasa nawa ne?

Makiyayi, Garwa: Likitan ya ce 14, ɗana. Kaska kuwa ba a duba ba. Gobe da sassafe zan mayar da shi a duba.