Rijiyoyin gas biyu a tozo ɗaya: me ya sa ɗaya ta fi?

Sadiya, Aboabo: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. An ba mu aiki a ajin injiniyan man fetur a nan Kumasi: rijiyoyin gas biyu a dutsen kabonet (dangin dutsen farar ƙasa) da ya lanƙwashe ya yi tozo, tazararsu mita 800. Dutsen da aka ciro ya nuna ƙofofinsu, wato ƙananan ramukan cikin dutsen da gas ke zama, kusan ɗaya, amma ta kan tozon ta ninka ta gefe sau goma wajen ba da gas, kuma ita ta fara kawo ruwa. Ina zan fara dubawa?

Injiniya Bashiru: Wa alaikumus salam 'yata. Tsaga ce. Ƙofofin dutse su ne rumbu, tsagogi su ne hanya. Wurin da suke ci galibi bai kai kashi 1 cikin ɗari na dutsen ba, amma gudun gas yana bin faɗinsu ne: in faɗin ya ninka biyu, gudun ya ninka takwas. Inda dutse ya fi lanƙwasa, bayansa yana miƙewa ya dare, kamar busasshen burodi in kin tanƙwara shi. Ɗan guntun da ake gwadawa a lab kuwa daga lafiyayyen wuri ake yanko shi, don mai tsaga marmashewa yake tun wajen cirowa. To ina zai nuna miki?

Ki nemi rahoton haƙa tukuna, ki ga zurfin da lakar da ake turawa cikin rijiya wajen haƙa ta ɓace farat ɗaya. Sai hoton bangon rijiya, sai gwajin matsi bayan an rufe ta: in layin da ke nuna saurin canjin matsin a zane ya lotsa a tsakiya, dutse ne ke ciyar da tsaga da gas.

Malam Tanko: Injiniya ya gama magana, sai dai kada ki dogara da lanƙwasa kaɗai. Tsagar da ma'adinin kalsait ya cike katanga ce. Kuma wadda ta yi daidai da inda matsin ƙasa ya fi ƙarfi a yau ita ta fi zama a buɗe. Cikin duwatsun kabonet, dolomait ya fi laimston tsagewa, siririn shimfiɗin dutse ya fi mai kauri yawan tsaga.

Hajiya Rabi: Ƙanwata, batun ruwan: hanyar da gas ya bi ita ruwa ke bi. In aka buɗe rijiya da yawa, matsi ya faɗi cikin tsaga kafin dutse ya sako nasa, ruwan ƙasa ya hauro ta tsagogin tsaye ya kulle gas a baya. A rage buɗin, a toshe ɓangaren ƙasa da siminti. Rijiyar gefen kuma a karkata haƙa ta ratsa tsagogin a gicciye, a wanke da asid mai ƙarfin kashi 15 cikin ɗari.

Kada ki kwatanta da Jubilee ko Sankofa, filayen mai da gas na Ghana, namu dutsen yashi ne. Ki karanta kan dutsen kabonet na Asmari da ke duwatsun Zagros a Iran, da filin gas na Lacq a Faransa.

Sadiya: Na gode iyayena. Rahoton lakar yana cikin takardun, ban ma buɗe shi ba.