Wane fenti Girkawa suka shafa wa baƙaƙen tukwanensu?

Maman_Ilham, Tudun Wada:
Salam jama'a. Yarona ne ya nuna min hoton wani kofin yumɓu a waya, baƙi wuluk yana sheƙi kamar an goga masa mai, an zana inabi da fari da rawaya a wuyansa, wai na Girkawa ne amma a Italiya aka tono shi, ya haura shekara 2,300. Ni kakata maginiyar tukwane ce, na tashi ina ganin yadda take baƙanta tukunya da hayaƙi da ruwan makuba amma wallahi ba ta sheƙi haka. Don Allah wane fenti ne wannan, kuma me ya kai Girkawa Italiya?

Malam_Kawo:
Hajiya ba fenti ba ne fa, yumɓu ne shi ma. Jiƙa shi suke a ruwa su bar tsakuwar ta kwanta, su kwashe mai laushin na sama wanda ke da sinadarin ƙarfe, shi ake shafawa da burushi. Aikin duk a matoya yake. Da farko a bar iska na shiga komai ya yi ja, sai a toshe ƙofofi a zuba ɗanyen itace hayaƙi ya turnuƙe komai ya koma baƙi, zafin ya kai wajen digiri 950, to a nan shafin yake daskarewa, in aka sake buɗe iska jikin tukunya ya koma ja amma inda aka shafa iska ba ta ratsa shi, sai ya tsaya a baƙinsa. Kuma ba su da na'urar auna zafi, launin wuta suke kallo, abin nan yana burge ni ƙwarai.

Hauwa_Barnawa:
Batun Italiya kuwa, ƙaura suka yi suka kafa garuruwa a kudancinta da tsibirin Sisili, kamar Taranto da mutanen Sparta suka kafa wajen 706 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Wanda kika gani mai inabi ina ganin irin Gnathia ne, sunan daga garin Egnazia na kudancin Italiya inda aka tono su da yawa, an fara yinsu wajen 370 zuwa 360 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Kan baƙin ake ɗora fari da rawaya da ja, inabi, kurciya, kan mace. Sai dai zanen yakan ɓare ya bar baƙin, da yawa kuma a kaburbura aka same su shi ya sa ba su farfashe ba.

Maman_Ilham:
Ikon Allah! Ashe hayaƙin nan na kakata shi ne dai, Allah ya jiƙanta. Malam to yumɓunmu na nan zai yi in an tace?

Malam_Kawo:
Amin Hajiya. Jan yumɓu muna da shi, matsalar wutar fili ce irin ta matanmu, ba ta toshuwa kuma zafinta bai cika kaiwa can ba. Sai an gina rufaffiyar matoya mai ƙofar iska tukuna a gwada.