Wai "yan, tan, tethera" Turanci ne ko wani yare?

Ɗalibi daga Ngaundere:
Salamu alaikum yan uwa. Jiya na ga wani bidiyo a YouTube, wani tsoho makiyayi a arewacin Ingila yana ƙirga tumakinsa yana cewa yan, tan, tethera, methera, pimp. Shekara ta uku kenan ina karatun Turanci ban taɓa jin wannan ba, na duba ƙamus na babu. Don Allah wa ya san asalin sa?

Malamin lise (makarantar sakandare), Garwa:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ba za ka same shi a ƙamus ɗin makaranta ba ai. Ƙirgan makiyaya ne na yankuna irin su Kambiriya da Yokshaya da Linkonshaya, kuma asalin sa ba Turanci bane, ragowar yaren mutanen Kelt ne da suke ƙasar tun kafin Anglo-Sakson, waɗanda Turanci ya samo asali daga yaren su, su shigo. Ka duba yaren Wels na yau, wanda shi ma yaren Kelt ne, biyar suna cewa pump, goma deg, sha biyar pymtheg, su kuma makiyayan nan pimp, dick, bumfit. Ka ga jini ɗaya ne. Ashirin ce iyakar ƙirgan, in ya kai sai ya jefa tsakuwa a aljihu ko ya ɗaga yatsa ya sake daga yan, kuma kowane kwari da irin nasa furucin shi yasa wani wuri zaka ji pip wani wuri pimp.

In kana son irin waɗannan kalmomi ka nemi English Dialect Dictionary na Joseph Wright, juzu'i 6 ne, ya fito tsakanin 1898 da 1905 kuma yana intanet kyauta. Mutumin nan yana burge ni wallahi, tun yana ɗan shekara 6 yake kora jaki a wurin fasa dutse, sai wajen shekara 15 ya iya karatu, amma ya zama farfesa a Okusfod kuma bai raina maganar ƙauyen su ba, ita ya zauna ya tattara.

Yar Marwa:
Malam Allah ya ƙara sani. Abin da ya kama hankali na shi ne sha shida, na ga suna cewa yan-a-bumfit wato ɗaya da sha biyar. To ai Fillancin mu na nan ma haka yake gina shida da bakwai a kan jowi wato biyar, shida jeego, bakwai jeeɗiɗi. Ko akwai dangantaka ne?

Malamin lise, Garwa:
A'a yar uwa, babu. Yatsun hannu ne kawai, kowa biyar gare shi.

Baban yara, Kusuri:
Ni kun tuna min da kakata Allah ya jiƙan ta. Ba ta cewa talatin, gomiya uku take cewa, mu muna yara muna mata dariya muna ganin ƙauyanci ne, sai da na girma na gane ashirin da talatin da arba'in duk daga Larabci muka aro su, nata shine Hausar asali. Akwai ma hauya da ake nufin ashirin lokacin kuɗin wuri, yau ka faɗa wa yaro hauya sai ya nufi gona. Nan Kusuri kuwa yaran mu rabin ƙirgan su Faransanci ne rabi Larabcin Cadi, abin yana damu na sosai.

Ɗalibi daga Ngaundere:
Na gode Malam, na samu ƙamus ɗin. Baba don Allah in akwai sauran kalmomin kaka da kake tunawa ka rubuto min, hutun nan zan je gida in zauna da tawa da littafi.