Neman masauki mai sauƙin kuɗi a Washington a farkon Afrilu

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da niyyar zuwa Washington da iyalina a farkon Afrilu, lokacin da itatuwan ceri da Japan ta bai wa birnin a 1912 suke fure, sai na tarar kuɗin otal a tsakiyar gari ya yi tashin gwauron zabi. Ina mafita?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka nace sai cikin birnin. Ka duba garuruwan da ke maƙwabtaka da shi, kamar Arlington ko Alexandria a jihar Virginia, ko Silver Spring a jihar Maryland, amma ka tabbatar otal ɗin yana kusa da tashar jirgin ƙasa na Metro, domin idan ya yi nisa, abin da ka rage a kuɗin ɗaki zai ƙare a tasi. Ka kuma lura cewa farashin da ake nunawa a intanet sau da yawa bai haɗa da haraji da kuɗin ajiye mota ba.

Amsa ta biyu: Ranar da furen yake cika tana sauyawa kowace shekara gwargwadon yanayi, saboda haka ka kama ɗaki tun Janairu, wanda za a iya sokewa ba tare da asara ba.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Zan fara da Arlington.