GMAT: lokaci yana ƙare mini a sashen nazarin bayanai

Assalamu alaikum. Ina shirin GMAT, jarrabawar neman shiga karatun digiri na biyu a fannin kasuwanci, kuma sashen nazarin bayanai ya hana ni sakat. Tambayoyi 20 ne cikin minti 45, wato kowace tana da minti 2 da daƙiƙa 15. A gwaji huɗu na ƙarshe da na yi, lokaci na cika ina kan ta 16 ko ta 17.

Na gano inda lokacin ke zurarewa: tambayoyin nan masu shafi biyu ko uku, saƙo a nan, jadawali a can. Karatun kaɗai yana cin minti 4 kafin in amsa ko ɗaya.

Na sa wa kaina ma'auni: in kai ta 7 saura minti 30, ta 14 saura 15. A sashen lissafi ya yi aiki, amma a nan da zarar mai shafukan ta fito da wuri sai lissafin ya rushe. Na gwada canka amsa in sa alama don in dawo, to amsa uku kawai ake iya canzawa, kuma sai in lokaci ya rage. Bai taɓa ragewa ba.

Don Allah, in mai shafukan ta fito, shafukan zan karanta duka tukuna, ko tambayar zan fara dubawa in nemo abin da take buƙata kawai?